Sabar ɗinmu na Jamus, masu amfani na Singafo da Burazil: wane mai raba lodi zan ɗauka?

Sabon-Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar manya nake nema. Muna da manhaja ta yanar gizo, sabar ɗinmu duka a yanki ɗaya suke, Frankfurt, bayan ALB na AWS, wato mai raba lodi na Amazon da ke rarraba buƙatun masu amfani tsakanin sabar. Da can masu amfani da ita 'yan Turai ne, babu mai kuka. Yanzu mun samu jama'a a Singafo da Indiya da Burazil, kullum ƙorafin ɗaya ne: a danna abu a zauna jira. An ce in nemo mai raba lodi wanda zai kula da duniya baki ɗaya. Na yi karatu har kaina ya ɗau zafi. Ga Global Accelerator, ga CloudFront, ga Route 53, ga na Google, ga Front Door na Azure, ga Cloudflare, kowa na cewa nasa ya fi gudu. Don Allah wanne zan kama?

Ɗan Faiba: Wa alaikumus salam. Cloudflare kawai, ka huta. Suna da tashoshi a birane sama da 300. Ka juya musu DNS ɗinka, wato tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshin sabar, magana ta ƙare.

Tsohon Hannu: Ɗan Faiba, ba ka tambayi mara lafiya inda ke masa ciwo ba ka miƙa masa magani. Ƙanena Sabon-Shiga, kafin mu ambaci sunan kowane kamfani, ɗauko biro mu yi lissafi.

Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Wato kowane kilomita 1,000 yana cin milisakan 5 zuwa, 5 dawowa. Daga Singafo zuwa Frankfurt ya ɗan haura kilomita 10,000 a miƙe, ka ga zuwa da dawowa ba zai taɓa gaza milisakan 100 ba ko da wa ka haɗa kai. Wayoyin ƙarƙashin teku kuma ba a miƙe aka shimfiɗa su ba, suna kewaye, don haka mu ƙaddara 160.

To yanzu burauzar mutumin Singafo za ta buɗe shafinka. Musafahar TCP, wato gaisuwar buɗe layi tsakaninta da sabar, zuwa da dawowa ɗaya, 160. Musafahar TLS, wadda ke kulle sirrin layin, in sigar 1.3 ce ɗaya, in 1.2 ce biyu. Sai a lokacin ne za ta faɗi abin da ya kawo ta, ta jira amsa, wani 160 ɗin. Milisakan 480 ke nan da TLS 1.3, ko 640 da 1.2, alhali sabar ɗinka ba ta ma fara aikin komai ba. Shekarata nawa ina wannan aiki, ban ga mai raba lodin da ya taɓa rage tsawon teku ba. Abin da na kirki yake yi shi ne ya rage yawan tsallakawar.

Sabon-Shiga: Ranka ya daɗe, ta yaya yake rage ta? Ai dole buƙatar ta isa Frankfurt.

Tsohon Hannu: Dole ta isa, amma sau ɗaya maimakon uku. Idan akwai tasha a cikin Singafo wadda ke karɓar TCP da TLS a madadinka, musafahar biyu za su ƙare a kusa, ka ce milisakan 10 kowacce. Ita tashar tana riƙe da layi a buɗe zuwa Frankfurt tun tuni, ba sai ta sake gaisawa ba, sai ta ɗora buƙatar a kai. Daga 480 ka sauko wajen 190. Akwai wata ribar ma. Sabon layin TCP ba ya sakin jiki nan take, yana fara aika fakiti 10 ne, kusan kilobayit 14, ya jira a amsa kafin ya ƙara. Layin da ya daɗe yana aiki ya riga ya ware.

Ana kai mutum tashar kusa da shi ta hanyar anycast: adireshin IP guda ɗaya ake shelanta shi daga wurare da yawa ta BGP, tsarin da kamfanonin sadarwa ke sanar da juna hanyoyi, hanyar intanet ta kai kowa inda ya fi mata sauƙi.

Uwar Sabar: Tun da a AWS kake, bari in raba maka kayansu, don mutane na yawan cakuɗa su. ALB da ɗan uwansa NLB duka na yanki ɗaya ne, ba su san da wata nahiya ba. Global Accelerator, wanda ya fito a 2018, yana ba ka adireshin anycast guda biyu da ba sa canzawa, ya karɓi TCP a tashar kusa, ya bi da kai ta cikin wayoyin AWS har zuwa ALB ɗinka. Amma lura, ba ya buɗe TLS. Wannan musafahar sai ta je Frankfurt ta dawo. CloudFront shi ne ke ƙare TLS a tasha, ya kuma iya ajiye hotuna da JavaScript a can. Don haka idan HTTPS ne zallan aikinka, CloudFront a gaban ALB zai fi rage maka jira. Global Accelerator kuma sai in kana da UDP, ko wasan bidiyo, ko abokin hulɗa da ya ce lallai ka ba shi tsayayyen IP ya sa a katangar tsaronsa.

Gardama: Ni fa ina ganin kuna wahalar da yaron nan. Me ya sa ba zai buɗe yanki na biyu a Singafo ba, ya sa Route 53, wato DNS na AWS, ya riƙa tura kowa inda jinkiri ya fi ƙanƙanta? DNS abu ne mai sauƙi, kowa ya san shi, babu wani ɗan tsakiya da zai tsaya tsakaninka da mai amfani. Kowane ɗan tsakiya da ka ƙara, ka ƙara wurin da abu zai lalace.

Uwar Sabar: Malam Gardama, ba na musun sauƙinsa, amma DNS na da aibu biyu. Na farko ba ya ganin mai amfani, mai warware sunan da ya yi tambaya a madadinsa yake gani. Ma'aikacin da ke zaune a Indiya amma kwamfutarsa na tambayar DNS ta ofishin kamfaninsu da ke Amurka, to Amurka za a ɗauka yake. An ƙirƙiro EDNS Client Subnet, mai haɗa wani ɓangare na adireshin mai amfani da tambayar, don a gyara haka, 8.8.8.8 na Google na aika shi, 1.1.1.1 na Cloudflare kuwa ba ya aikawa saboda sirrin masu amfani. Na biyu, ranar da yanki ya faɗi. Gwajin lafiya na Route 53 duk daƙiƙa 30 ne, ko 10 in ka zaɓi mai sauri, kuma yadda yake zuwa sai ya faɗi sau uku a jere kafin a yarda ya mutu. Ka ɗora TTL a kai, wato tsawon lokacin da aka yarda a riƙe tsohuwar amsar DNS kafin a sake tambaya. Ka ɗora masu warware sunan da ba sa mutunta TTL, da tsofaffin manhajoji masu riƙe adireshi har sai an kashe su an kunna. Da anycast adireshin bai canza ba, a ciki ake juya akala, mai amfani bai ma sani ba.

Gardama: Hajiya, anycast ɗin ma ai ba waliyyi ba ne. BGP bai san milisakan ba. Abin da ya sani shi ne yawan hanyoyin sadarwar da za a ratsa, da yarjejeniyar da kamfanonin sadarwa suka ƙulla a tsakaninsu. Sai ka ga tasha na cikin birnin mutum, amma kamfanin layinsa bai haɗu da ita ba, an kwashe shi zuwa wata nahiya. Sannan idan mai anycast ɗin da kansa ya yi tuntuɓe fa? A ranar 8 ga Yuni 2021 Fastly, wani kamfanin tashoshi irin Cloudflare, ya samu matsala, manyan shafuka na duniya suka ɗauke kusan awa guda, alhali sabar ɗinsu lafiya lau. Wanda ya sa ƙwansa duka a bayan ƙofa ɗaya, ranar da makulli ya ɓata sai kallo.

Tsohon Hannu: Wannan gaskiya ka faɗa, kuma ba a warware ta da baki, gani ya kori ji. Ana iya duba tashar da aka kai mutum. A shafin da ke bayan Cloudflare, a ƙara /cdn-cgi/trace a ƙarshen adireshi, za a ga layin colo da harufa uku na filin jirgin sama, SIN na Singafo ko FRA na Frankfurt ko GRU na São Paulo. A CloudFront a duba x-amz-cf-pop a kan amsar. Idan mutumin Burazil ya turo maka hoton da ke nuna tashar Amurka, ka san inda za ka fara tono.

Amma Gardama, ba a nan gizo ke saƙar ba. Kai ka ce ya buɗe yanki na biyu a Singafo. Sabon-Shiga, rumbun bayananku yana ina, kuma shafi ɗaya sau nawa yake tambayarsa?

Sabon-Shiga: PostgreSQL ne, guda ɗaya, a Frankfurt. Na duba shafin da aka fi kuka da shi, tambaya 20 yake yi, ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon Hannu: Madalla da ka duba. Yanzu sabar manhajar da rumbun suna maƙwabtaka, kowace tambaya milisakan ɗaya ko ƙasa da haka, ba ka jin nauyinsu. Ka ɗauke sabar ka kai Singafo ka bar rumbun a Frankfurt, kowace tambaya ta zama 160. Sau 20, milisakan 3,200. Shafin da ke buɗewa cikin rabin daƙiƙa ya koma daƙiƙa uku da wani abu, kuma mai raba lodinka zai riƙa tura mutane can da murnarsa, don a idonsa can ne kusa. An gudu ba a tsira ba.

Ni kaina na taɓa yin wannan aika-aikar a wani wurin aiki da na bari. Mun kwana muna buɗe sabon yanki, allon sa ido duk kore, muka tafi barci muna jin mun yi bajinta. Da safe saƙonni suka cika akwati, waɗanda muka yi dominsu su ne suka fi kowa kuka. Kafin azahar muka rufe yankin. Babu laifin kowa sai namu.

Gardama: To ai sai ya yi kwafin rumbun a Singafo, a riƙa karatu daga nan.

Uwar Sabar: Zai yiwu, amma ka buɗe wata ƙofar. Rubutu dai dole ya je Frankfurt, kwafin kuma yana biyo baya da ɗan jinkiri. Mutum ya canza sunansa, ya sabunta shafi, ya ga tsohon suna, ya sake canzawa. Sai kun koya wa manhajar cewa wanda ya yi rubutu yanzu-yanzu a karanta masa daga uwar rumbun da ke Frankfurt na ɗan lokaci. Akwai rumbunan da aka gina don nahiyoyi da yawa, Spanner na Google, Cosmos DB na Azure, DynamoDB Global Tables, Aurora Global Database, kowanne da abin da ya sadaukar: ko rubutu ya jira amincewar wurare masu nisa, ko a yarda wurare biyu su ɗan saɓa kafin su daidaita. Wannan aikin watanni ne, ba na wanda aka ce ya nemo mai raba lodi kafin ƙarshen mako ba.

Ɗan Faiba: Kun ga ai zancena ya fito. A sa tasha a gaba a bar sabar inda take. Cloudflare ɗin da na faɗa tun farko.

Uwar Sabar: Ka faɗa daidai ba tare da ka san dalili ba, Ɗan Faiba. Agogon da ya tsaya ma yakan dace.

Mai Lura: Ina bin zancen a shiru, bari in sa baki kan na Google tun da babu wanda ya taɓa shi. A ganina a wajen tsari shi ya fi tsabta. Mai raba lodinsu na duniya na mataki na 7, wato mai karanta buƙatun shafi da kansu, adireshin anycast ɗaya ne, TLS na ƙarewa a tasharsu ta kusa, ka jera sabar a yankuna daban-daban a bayansa, shi ya zaɓi mafi kusa mai sauran ƙarfi, in ta cika ya malala zuwa ta gaba. Abin da a AWS sai ka haɗa kaya biyu ko uku, a nan abu ɗaya ne. Sharaɗi shi ne ka zauna a Premium Tier, inda fakiti ke shiga wayoyin Google tun daga kusa da mai amfani. A Standard Tier intanet ta gama-gari ce ke ɗauke da shi mafi yawan tafiyar, kuma mai raba lodin ya koma na yanki. Front Door na Azure ma irin wannan tunanin ne, yana ƙare layi a tasha. Kada a rikita shi da Traffic Manager, wanda DNS ne zalla.

Duk da haka ba zan ce wa mutumin da komai nasa ke AWS ya kwashe kaya ya yi ƙaura saboda mai raba lodi ba. Bambancin da ke tsakanin manyan nan a yawancin birane bai kai wahalar ƙaurar ba. Wanda zai fara gini daga tushe, wannan wata magana ce.

Sabon-Shiga: Na gode ƙwarai. To HTTP/3 fa? Na ga ana ta yabonsa.

Mai Lura: Kunna shi in tashar ta iya. Yana tafiya a kan QUIC, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2021, shi kuma HTTP/3 a 2022. Ya haɗe musafahar layi da ta TLS wuri ɗaya, kuma idan fakiti ɗaya ya ɓata ba ya tsayar da sauran buƙatun. Masu waya a layi mai yankewa su suka fi amfana. Amma idan tashar na nesa da mutum da milisakan 10 kacal, abin da ka rage 10 ne, kada ka sa ran mu'ujiza. Ka yi hattara kuma da 0-RTT, wato aika buƙata tun kafin a gama musafaha, domin ana iya kama buƙatar a sake aika ta. Kada a bar biyan kuɗi ko wani abu mai canza bayanai ya bi ta nan.

Tsohon Hannu: Abu biyu da ke cizon mutane bayan sun gama murnar haɗawa. Na farko wa'adin zaman layi. ALB na barin layin da ba a amfani da shi daƙiƙa 60 in ba ka canza ba. Node.js kuwa yana rufe nasa bayan daƙiƙa 5. Sai mai raba lodi ya ɗora buƙata a kan layin da sabar ta riga ta rufe, mai amfani ya ga saƙon kuskure na 502, jefi-jefi, ba kullum ba, irin ciwon da in ka je wajen likita sai ya lafa. Ƙa'idar ita ce wa'adin sabar ya fi na wanda ke gabanta tsawo. Na Google yana riƙe layin baya daƙiƙa 600, shi ya sa suke cewa a sa na sabar 620. Idan kuma layin tasha zuwa gida yana yawan mutuwa, duk ribar da muka lissafa a sama ta tafi, don sai an sake musafaha a tsallaken teku.

Na biyu adireshin mai amfani. Da zarar an sa tasha a gaba, sabar ɗinka adireshin tashar take gani. In kana da tsarin toshe mai yawan buƙatu, sai ka wayi gari ka toshe rabin nahiya. Ka karanta X-Forwarded-For, layin da tashar ke rubuta ainihin adireshin mai amfani a ciki, amma daga tashar da ka amince da ita kaɗai, ka kuma rufe ALB ɗin yadda babu mai isa gare shi sai ta tashar.

Gardama: Ni dai har yanzu yanki ɗaya bai kwanta mini ba. Ku kuna maganar gudu, ni ina maganar ranar da Frankfurt za ta ɗauke.

Uwar Sabar: Wannan tambaya ce ta daban, kuma mai kyau. Amma yanki na biyu don ko-ta-kwana daban yake da yanki na biyu don gudu. In za a yi shi, a tabbata zai iya ɗaukar jama'ar duka, in ba haka ba ranar da aka juyo masa su shi ma ya durƙushe. A kuma kula da abin da gwajin lafiya ke tambaya. Wanda ke duba ko sabar na numfashi kawai zai ce lafiya alhali rumbun ya mutu. Wanda kuma ke taɓa rumbun a kowane gwaji, rumbun na yin ɗan tari sai ya ce sabar duka sun mutu a lokaci guda.

Sabon-Shiga: Na dawo da rahoto. Na bi shawarar Baba Tsohon Hannu, na ɗauki ƙaramar kwamfuta ta haya a Singafo na sa curl, manhajar aika buƙata ta gwaji, ya rarraba mini lokacin: time_connect, time_appconnect, time_starttransfer. Lissafin biro bai yi ƙarya ba, musafahar biyu su ke cinye mafi yawan jiran farko. Na kuma gano abin kunya: hotunanmu da JavaScript duk daga Frankfurt ake ɗauko su kowane lokaci, babu Cache-Control ko ɗaya, wato umarnin da ke cewa a ajiye su a kusa. Na sa CloudFront a gaban adireshin gwaji, wanda ya fi kowa ƙorafi ya rubuto yana tambaya me muka taɓa. Tambayoyi 20 ɗin kuma abokin aikina ya ce zai iya mayar da su uku.

Tsohon Hannu: Barka. Sai dai kwamfutar haya a cibiyar bayanai tana kan babban titi ne, mutanenka kuwa suna lungu da waya a hannu. Ka sa ma'auni a cikin shafin kansa ya riƙa turo lokacin da burauzar kowa ta gani, ka raba shi ƙasa-ƙasa da kuma kamfanin layi. Kuma kada ka kalli matsakaici, yana ɓoye masu shan wuya. Kalli p95 da p99, wato lokacin da kashi 95 ko 99 cikin ɗari na buƙatun ba su wuce shi ba. In kana son ganin hanya daga layukan gidaje na gaske, RIPE Atlas na da na'urori dubbai a faɗin duniya da za ka iya aika gwaji daga cikinsu.

Gardama: Ka rage TTL na sunan shafin tun yanzu, ka kuma rubuta matakan cire tashar a koma kai tsaye kan ALB, ka gwada su sau ɗaya da rana tsaka kowa na farke. Tun da an ce ka rufe ALB ɗin, a cikin matakan har da sake buɗe shi, kada ka manta.

Sabon-Shiga: Na rubuta, Malam. Saura abu ɗaya. Akwai ɓangaren hira a manhajar, WebSocket ne, wato layin da ke zama a buɗe tsakanin burauza da sabar, mutane na barinsa a buɗe awa da awanni. Tun da na sa tashar yake yankewa in an ɗan yi shiru.

Uwar Sabar: Wa'adin shiru ne ke yanka shi, kuma yanzu masu yankan sun zama biyu, tashar da ALB. Sa manhajar ta riƙa aika ping duk daƙiƙa 20 ko 25, ta kuma iya sake haɗawa da kanta, da ɗan jinkiri mabambanci ga kowa don kada dubu su dawo a daƙiƙa ɗaya. In ya ci gaba, turo mana lambar rufewar da burauza ke nunawa. 1006 ce, ta yankewar bazata?

Sabon-Shiga: Ita ce, Hajiya. Bari in sa ping ɗin in bar shi ya kwana, gobe in faɗa muku.